Saƙon da Kawu Yisa Ya Kawo wa Nna

Limawa, Minna,
Jihar Neja.

Zuwa ga ƙanena Uthman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta jini da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Zuliha da 'yarmu Ummi. Allah Ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, Ya sa albarka a aikinka na Doha, Ya kare ka daga wayoyin wutar nan da kake hawa kana gyarawa, don har yau duk lokacin da aka ambaci aikinka sai mahaifiyarmu Nna ta ɗaga hannu ta yi addu'a. Mun ga hoton Ummi da ka turo, wanda take riƙe da cokali kamar za ta yi faɗa da shi. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce goshin nan na gidanmu ne, ba mai gardama.

Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwar Baba tana nan yadda ka sani, wata rana ta bar shi ya je masallaci da ƙafarsa, wata rana sai da sanda. Hawan jinin Nna ya ɗan lafa tun da aka canza mata magani, amma gishiri ne har yanzu muke fama da ita a kai, tana cewa miyar wake ba gishiri ba miya ba ce. Maigidana Zakariyya yana gaishe ka, ya koma zuwa Gwada sayo doya tun da hanya ta ɗan yi sauƙi, sai dai tsadar bana ta sa masu saye sai su ɗaga su juya su ajiye. Yara duk suna makaranta. Ƙuli-ƙulin Bida da busasshen kifin da Nna ta haɗa maka suna nan a ɗaure, muna jiran wanda zai tafi wajenku.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali kusan kullum muna magana a waya. Dalili shi ne maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. A waya kai kana sauri za ka tafi aiki, ni yara suna ja mini zane, layi ya yanke a tsakiyar zance, kowa ya tafi da rabin magana. Ita kuwa wannan ina so ka zauna ka karanta ta daga farko har ƙarshe kafin ka ce komai, domin da sunanka aka yi ta, kuma ba ka nan. Nna ce ma ta ce in rubuta. Idan na gama zan ɗauki hotonta in tura maka, ka karanta a ranar hutunka.

Ka san zaɓen 'yan majalisar tarayya ya matso. Minna ta cika da hotuna, daga Mobil har Tunga ba bangon da ya tsira, masu neman kujerar sanata a sama, masu neman majalisar wakilai a ƙasa, wani an manna shi a kan fuskar wani. Motoci masu lasifika suna zagayawa da waƙoƙi tun safe, yara sun haddace su duka ba tare da sun san ta wace jam'iyya ce ba. Amma gari lafiya, ba tashin hankali, Allah Ya sa mu gama haka. Ka kuma san Yaya Zainab tana cikin masu neman kujerar majalisar wakilai ta mazaɓarmu. Ka tuna ta fara nema ne a jam'iyyar su Baba, manya suka zauna suka yi sasanci, suka ba Injiniya Suleiman, suka ce mata ta yi haƙuri sai wani karon. Ita kuwa ta ce shekarun da ta yi tana karɓar haihuwa a Kuta da Gwada da nan cikin gari sun koya mata cewa akwai abin da ba ya jiran wani karon. Ta koma wata ƙaramar jam'iyya, suka ba ta takara.

Abin da ba ka gani da idonka ba shi ne yadda gidan nan ya zauna da abin. Baba dai shugaban jam'iyyarsu ne a gundumarmu tun muna 'yan makaranta, kuma marigayi mahaifin Injiniya Suleiman amininsa ne, tare suka fara sayar da shinkafa a kasuwa lokacin da suka zo daga Bida ba su san kowa ba. Ranar da Yaya ta je ta durƙusa ta faɗa masa ta sauya jam'iyya, ya saurare ta har ta gama. Daga baya ya ce shi ya riga ya ba mutane kalmarsa, ba zai janye ta ba, amma ba zai hana ta neman abin da take ganin alheri ne ba, Allah Ya yi mata albarka. Tun daga nan kowa ya kama aikinsa. Baba yana taron gunduma a zaure, Yaya tana shigowa ta wuce ta gabansu ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, su amsa da Hajiya Honorabul suna dariya, ta shiga ciki ta auna wa Nna jini. Ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya.

Da farko ba wanda ya ɗauki takarar Yaya da nauyi, har ni, ban ɓoye maka ba. Ba ta da motoci, ba ta da mawaƙa. Ita da ƙawarta Mabel, wadda suka yi aikin asibiti tare a Kuta, su ne ke shiga unguwa-unguwa a Keke, Yaya ta yi magana da Hausa da Nufanci, Mabel ta yi da Gwaranci da Turancin kasuwa. Ba sa tara mutane a fili, gida suke shiga su zauna a tabarma. Maganarsu ba ta wuce ruwa da asibiti da mutanen ƙauyukan Shiroro da rashin tsaro ya koro suka cika gidajen 'yan'uwa a Maitumbi. Yaya takan ce wa mata, ga madatsar Tagwai can cike da ruwa, ku kuma kuna bin 'yan garuwa da asuba, wa kuka taɓa turawa Abuja ya faɗi wannan da bakinsa? Sannu a hankali sai abin ya kama. Masu sayar da kifi, masu nono da ke zama bakin kasuwa, matan coci, matan Islamiyya, kowacce ka taɓa sai ta ce ai Anti Zainab ce ta karɓi haihuwar wane. Sai mutanen Injiniya suka fara lissafi. Ba wai suna tsoron Yaya za ta ci ba ne, tsoronsu shi ne ƙuri'un matan da za ta kwashe daga nasu ne, kuma ɗan takarar ɗaya babbar jam'iyyar yana bin su a wuya.

Ana cikin haka ne Kawu Yisa ya zo. Ka san shi ƙanen Nna ne da take ji da shi, kuma yanzu yana cikin masu yi wa Injiniya zirga-zirga. Ya zaɓi ranar da Baba ya tafi taro a sakatariyar jam'iyya, ya shigo bayan la'asar, ya wuce zaure kai tsaye ya same mu a tsakar gida muna tsince shinkafa. Ya yi ta hira, ya tambayi jikinta, ya tambayi Ummi ko ta fara tafiya, ya ce abin tausayi ne a ce jika ta yi wayo kakarta ba ta taɓa goya ta ba. Sai da ya ga idon Nna ya kawo ruwa sannan ya sauke abin da ya kawo. Ya ce manyan da ke bayan Injiniya sun san kai gwani ne a aikin wuta, kuma akwai gurbi a wata hukumar tarayya a Abuja, aiki mai fansho, wanda za ka riƙa zuwa Minna duk ƙarshen mako. Ya ce magana ta riga ta yi nisa, abu ɗaya kawai ya rage: Zainab ta fito a rediyo ta ce ta janye, ta mara wa Injiniya baya. Ya ce ai ba faɗuwa ba ce, ita ma ba za a manta da ita ba, kuma kowa ya san ba ci za ta yi ba, to me ya sa za a bar dama irin wannan ta wuce saboda takarar da ba za ta kai ko'ina ba?

Uthman, kada ka ga laifin Nna. Kai ne autanta, kai kaɗai ne namiji, kuma tun da ka tafi ba ta taɓa dafa tuwon shinkafa ba tare da ta ambace ka ba. Ɗakinka har yanzu ita ke share shi da kanta, ba ta yarda yara su shiga. Lokacin da jininta ya hau bara aka kwantar da ita, abin da ta riƙa faɗa mini shi ne tana tsoron a yi mata sallah kana cikin jirgi. Mutumin da ke ɗauke da wannan a zuciya, aka zo aka ce masa ga ɗanka a bakin ƙofa, ba zai tsaya tambayar ta wace hanya ba. Bayan tafiyar Kawu ta zauna da tiren shinkafa a cinya ba ta tsinci ko ƙwaya ɗaya ba. Na ce mata Nna, wannan magana ba ta da kyau, a bari Baba ya dawo. Ta ce kada in kuskura in faɗa masa, tsakaninta da 'yarta ne.

Washegari da Yaya ta zo auna jini, Nna ta riƙe hannunta ta ce ta zauna. Ta yi maganar da Nufanci, ka san in abu ya kai mata zuciya Hausa ba ta isar ta. Ta ce ba ta taɓa roƙon Yaya komai ba tun da ta haife ta, yau tana roƙonta abu ɗaya, ta bar wa ɗan'uwanta hanya ya dawo gida. Ina tsaye a bakin ƙofar kicin ina jiran Yaya ta kawo hujja, don ka san bakinta, likitoci ma ba sa cin ta da gardama. Ba ta kawo ba. Ta naɗe abin awon jinin a hankali ta mayar cikin jaka, sannan ta ce: "Nna, matan nan sun ba ni amana, kuma ban san da wane baki zan gaya musu ba. Amma ban taɓa tsallake maganarki ba, ba kuma zan fara a kan kujera ba. Ki ba ni zuwa Juma'a in sallami mutanena, sai in je rediyon." Ta yi mata sallama kamar kullum ta fita. Na bi ta har bakin titi ina cewa Yaya, haka za ki yi? Ta ce Husna, ki koma ki ba ta maganinta, lokaci ya yi.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Yaya ta daina fita unguwanni. Mabel ta zo shagona hankali a tashe, ta ce mata sun taru a Kpakungu sun jira har rana ta yi zafi ba su ga kowa ba, kuma Zainab ta ƙi gaya mata dalili, sai dai ta ce maganar gida ce. Ban iya kallon idonta ba. A gida kuwa Nna ta samu abin da ta roƙa, amma ban ga farin ciki a fuskarta ba. Ba ta ci abinci sosai, ta daina kunna rediyonta. Yaya kuma ba ta fasa zuwa ko rana ɗaya ba. Takan zo da safe, ta auna jini, ta shafa wa Baba man zafi a gwiwa, ta tambayi abin da za a dafa, ta tafi. Ba ta ɗaure fuska ba, ba ta yi gunaguni ba. Da ma ta yi fushi, ina ganin da ya fi wa Nna sauƙi.

Baba ba a gida ya ji ba. A wajen taronsu wani ya taya shi murna, ya ce an ji 'yarsa za ta dawo gida, ɗansa ma zai dawo gida, Alhaji Nma ya ci riba biyu. Ya dawo ya kira ni zaure ya ce in faɗa masa abin da ake yi a gidansa da bai sani ba. Na faɗa masa duka. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauko masa babbar rigarsa da sanda, in tsayar da Keke, zan raka shi gidan Injiniya Suleiman, domin gwiwar ba ta da kyau ranar kuma yana son wani daga cikin 'ya'yansa ya ji abin da zai faɗa da kunnensa.

Mun sami gidan cike da jama'a, 'yan siyasa da masu neman alfarma har waje. Da aka ce wa Injiniya ga Alhaji Nma, da kansa ya fito ba takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya kama hannun Baba ya kai shi ɗakin ciki ya sallami kowa. Gaskiya ban ga rashin ladabi a wurinsa ba ko kaɗan. Baba ya fara da yi wa mahaifin Injiniya addu'a, ya tuna masa ranar sunansa da shi Baba ya riƙe ragon. Sannan ya ce ya zo ne da magana biyu. Ta farko, alkawarin da ya yi wa jam'iyya yana nan, zai fito da mutanen gundumarsa ranar zaɓe, zai tsaya a rumfa har a ƙirga, ba wanda zai ce Nma ya yi wasa da aikin da aka ba shi. Ta biyu kuwa, ya ce: "Suleiman, 'ya'ya uku Allah Ya ba ni, kuma ban haifi ɗaya don in biya wa ɗaya da shi ba. In kana ganin Zainab tana rage maka ƙuri'a, ka shiga gidajen da take shiga ka zauna a tabarmar da take zama. Amma kada a sake bi ta bayan gidana a sami matata da maganar ɗanta."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya ce ya san an yi maganar a nemi Hajiya Zainab ta janye, ya kuma san an ambaci aikinka, amma bai san ta wurin Nna za a bi ba, kuma ya ji kunya. Ko gaskiya ya faɗa ko rabinta, Allah Ya sani, ni dai na ga gumi a goshinsa alhali ɗakin da sanyi. Ya ce in Allah Ya ba shi nasara zai nema maka aikin ko Yaya ta janye ko ba ta janye ba, saboda zumuncin iyaye. Baba ya ce ya gode, amma ya ajiye wannan maganar sai bayan zaɓe, in har lokacin tana nan a bakinsa, kuma kai za a tambaya, ba uwarka ba. Ya rako mu har bakin titi, ya so a kai mu a motarsa, Baba ya ce Keken da ya kawo mu yana jira.

A hanya na ɗauka da mun isa Baba zai kira Yaya ya ce ta ci gaba da takararta, magana ta ƙare. Bai yi haka ba. Ya shiga wurin Nna ya zauna a bakin gado, ya gaya mata inda ya je da abin da ya faɗa, ba tare da ya ɗora mata laifi ba. Ya ce shi ma yana kwana da kewarka yana tashi da ita, ba ita kaɗai ba ce. Amma ya ce alkawarin da Zainab ta yi, ita ta yi wa, don haka ita kaɗai ce za ta iya sauke mata shi, shi ba zai shiga tsakanin uwa da 'ya ba. Ya tashi ya tafi masallaci ya bar ta. 

Ranar Alhamis da safe Yaya ta zo kamar yadda ta saba. Tana ɗaura wa Nna abin awon a hannu, Nna tana kallon kanta, sai na ji ta ce, Zainab, yaushe kika yi furfura haka? Yaya ta yi dariya ta ce ai ta daɗe, ɗankwali ne ke rufewa. Bayan ta tafi, Nna ta kira ni ta ce in zauna. Ta ce ita tun da aka fara maganar nan fuskarka kawai take gani, ba ta tsaya ta kalli ta Zainab ba sai yau. Ta ce ta yi ta ƙoƙarin hango ranar da za ka dawo, ga ka a tsakar gida, ga tuwo an zuba, ga yayarka zaune a gefe, sai ta kasa hango yadda za ka ɗaga ido ka kalle ta in ka san abin da aka karɓe mata kafin a kawo ka. Ta ce ta san halinka, ba za ka iya haɗiye tuwon ba. Sai ta ce in ɗauko mata mayafi.

Ka san Nna ba ta fita sai asibiti ko gaisuwar mutuwa. Ranar ta hau Keke har gidan Yaya a Maitumbi. Mun sami Yaya a falo ita da Mabel, ta kira ta ne don ta faɗa mata gaskiya kafin ta ji a rediyo, Mabel tana kuka tana cewa me za ta gaya wa matan da suka yarda da su. Da suka ga Nna duk suka miƙe. Nna ba ta ko zauna ba. Ta ce: "Zainab, maganar da na roƙe ki na janye ta. Ki je ki yi abinki, na yafe miki, ke ma ki yafe mini." Yaya ta durƙusa ta rungume ƙafafunta, kuma a nan ne na ga hawayenta karo na farko tun da aka fara abin. Nna ta juya wurin Mabel ta ce da Hausarta, ke kuma share ido, ku tashi ku tafi, mata suna jira. Mabel ta yi dariya da hawaye a fuska ta ce Mama, yau ke ce shugaban kamfen.

To, haka abin ya tsaya. Yaya ta koma unguwanni, ta fara da Kpakungu ta ba matan haƙuri, ta ce uzurin gida ne ya riƙe ta, ba su tambaye ta ko mene ne ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce za ta ci ba. Manyan jam'iyyu biyu suna da abin da ba ta da shi, kuma ita ma ta sani. Ta ce mini ko ta zo ta uku, wanda ya ci zai san yawan matan da suka ce ruwa da asibiti, kuma zai yi lissafi da su kafin zaɓe na gaba. Kawu Yisa ya yi fushi, bai sake zuwa gidan ba, yana gaya wa dangi a Bida cewa mun rufe maka ƙofar arziki. Nna ta ce a ƙyale shi, zai huce, ɗan'uwa ne. Amma na ji ya nemi lambarka ta Doha a wurin Zakariyya, shi ya sa muka ga gara ka ji daga gare mu tukuna.

Yanzu ga tawa maganar, tsakanina da kai. A duk abin nan ba wanda ya tambaye ka. An saka sunanka, an cire sunanka, kana can kana aiki ba ka sani ba. Na san kana son dawowa, ka sha gaya mini ka gaji da zaman ƙasar mutane, kuma na san aiki a Abuja ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. In ka karanta wannan ka ji wani abu ya tsaya maka a rai, ba laifi ba ne, ka faɗa mini, ni zan ji. Abin da nake roƙonka shi ne in Kawu ya kira ka, ka girmama shi ka saurare shi, amma ka san Baba da Nna sun riga sun ba da amsar gidanmu. Kada kuma ka hau Facebook ka rubuta komai a kan Injiniya ko mutanensa, an rabu da mutunci, a bar shi haka. Sannan ka kira Yaya. Ba sai ka tayar da zancen ba, ka dai kira ta ka tambaye ta yadda yawon unguwanni yake. Tana tsoron kana ganin ita ta tare maka hanya, ko da ba ta faɗa ba.

Jiya da yamma muna zaune a tsakar gida, Yaya ta biyo daga wani taro a gajiye, ta zauna tana shafa wa Baba man gwiwa. Cikin wasa ta ce, Baba, duk wannan hidimar da nake yi, ranar zaɓe wa za ka dangwala wa? Baba ya gyara hularsa ya ce takarda uku za a miƙa masa ranar, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta majalisar wakilai. Ya ce biyu daga ciki duk Limawa ta san inda zai sa yatsa. Ta ukun kuwa, hukumar zaɓe da kanta ta kewaye wurin don kada kowa ya leƙa, to shi wane ne da zai karya doka a tsakar gidansa? Muka yi ta dariya, har Nna, wadda rabon da in ji dariyarta tun kafin zuwan Kawu. Yaya ba ta sake tambaya ba, ta ci gaba da shafa man.

Ka gaida Zuliha da kyau, ka ce mata mun gode da haƙurin da take yi da zaman nesa. Ka shafa mini kan Ummi. Baba yana sa muku albarka, Yaya Zainab da maigidanta suna gaisuwa, haka Zakariyya da yara, da Inna Maimuna mai kawo mana nono, wadda kullum sai ta tambayi ɗan Doha. Ku sa mu a addu'a Allah Ya sa a yi zaɓen nan lafiya a gama lafiya, Ya ba mu shugabanni masu tausayi, ko su wane ne.

Na karanta wa Nna takardar kafin in rufe. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in ƙara abu ɗaya da bakinta. Ta ce in gaya maka ba ta daina jiranka ba, ko na yini ɗaya. Ta dai fi so ranar da Allah Ya kawo ka, yayarka Zainab ce za ta fara rugawa ta buɗe maka ƙofa.

Wassalamu alaikum.

Yayarka mai ƙaunarka,
Husna Nma